Asalin sunan dayafiram, da dalilin da jijiyarsa ke da wani suna daban

Wata ɗaliba mai karatun aikin jinya a Birnin Kebbi ta aiko da tambaya mai rassa uku. Tana son sanin ma'anar kalmar dayafiram da harshen da ta fito. Ta kuma lura cewa jijiyar da ke motsa shi ba ta ɗauki sunansa ba, ana ce mata firenik, tana neman dalili. Sannan ta ce ta ji wasu suna fassara shi da "tantani" idan suna yi wa majinyata bayani, shin hakan ya yi daidai?

Ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Kalmar ta Girkanci ce, a rubuce diaphragma, kuma abu biyu aka haɗa a cikinta: dia, wato "ta tsakiya" ko "a gicciye", da phragma, wato shinge, daga aikatau phrassein mai nufin shingewa ko toshewa. Ma'anarta ke nan shingen da aka gitta ya raba wuri biyu. Tun farko kalmar yau da kullum ce. Bagirke zai kira bangon da ya raba ɗaki da ɗaki da wannan suna, masanansu ma sun kira guringuntsin da ya raba kafofin hanci biyu da shi. Latin ta ara daga Girkanci, Faransanci da Turanci suka karɓa daga Latin. Harafin g ɗin nan da kuke rubutawa a jarrabawa amma ba ku furtawa gadon phragma ne. Girkawa suna furta shi, Faransawa ma har yau suna furtawa.

Ba zan so ki riƙe ma'anar suna ba ki san mai sunan ba. Idan Babbar Salla ta zo, ki tsaya kusa da masu fiɗar ragon layya, ko ki je mahauta da sassafe ki roƙi rundawa su nuna miki. Bayan an buɗe ciki an fitar da tumbi da hanji, ki leƙa ta wajen ƙirji. Ba za ki ga huhu ba, ba za ki ga zuciya ba, domin akwai wani shimfiɗaɗɗen abu da ya rufe hanyar gaba ɗaya, hanta na manne a jikinsa. Gefensa jan nama ne da ya kama haƙarƙari ta ko'ina, tsakiyarsa kuma fari ne mai sheƙi da tauri, wuƙa ba ta shigarsa da sauƙi. Sai mahauci ya zagaye shi da wuƙa ta bin haƙarƙari kafin ya iya jawo huhu da zuciya. Shi ne dayafiram. Siffarsa kamar ƙwarya ce da aka kife, bayanta na kallon ƙirji, cikinta na kallon tumbi. Ranar da aka yanka kaza kuma ki duba, ba za ki same shi ba. Dabbobi masu shayarwa kaɗai ke da irin wannan cikakkiyar tsoka. Tsuntsu yana numfashi ne da motsin ƙashin ƙirji da jakunkunan iska, giwan ruwan Argungu kuwa ba ya ma bukatarta.

A jikin mutum, gefen nan mai nama yana kama da ƙarshen ƙashin ƙirji ta gaba, da haƙarƙari shida na ƙasa ta kowane gefe, ta baya kuma yana da ƙafafu biyu da suka sauka suka riƙe gaɓoɓin ƙashin baya na wajen ƙugu. Zuciya da jakarta suna zaune a kan farin tsakiyar. Ɓangaren dama ya ɗan fi na hagu tudu saboda hanta da ke ƙarƙashinsa. Kaurinsa milimita kaɗan ne.

Yanzu ga reshe na biyu na tambayarki, wanda ya fi daɗin bincike. Diaphragma ba shi ne tsohon sunan wannan tsoka a wajen Girkawa ba. Kafin shi suna ce mata phren, a jam'i phrenes, kuma da wannan kalma ɗaya suke kiran hankali da tunani. A tsofaffin waƙoƙinsu na yaƙi, jarumi yana shawara a cikin phrenes ɗinsa, tsoro yana kama shi a nan, mashi ma yana iya sukarsa a nan. Wuri ne a jiki, kuma mazaunin hankali ne a lokaci guda.

Mahaɗar sunayen biyu tana cikin wani littafi na Aflatun, masanin falsafar Girkawa, mai suna Timaeus, wanda ya rubuta wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya ce an zaunar da ɓangaren rai mai mutuwa a cikin gangar jiki, amma da yake wani sashensa ya fi wani daraja, sai aka raba musu mazauni yadda ake raba sashen maza da na mata a gida, aka sa phrenes ya zama diaphragma a tsakaninsu. Zuciya da jarunta a sama kusa da kai, kwaɗayin ci da sha a ƙasa wajen cibiya. Ki lura da yadda jimlar take: phrenes ne sunan, diaphragma kuwa bayanin aikin da yake yi ne, wato zama shinge. Da tafiya ta yi tafiya, bayanin ya ture sunan ya gaje wurinsa.

Ba duk Girkawa ne suka yarda hankali yana ƙarƙashin haƙarƙari ba. Akwai wata maƙala a kan farfaɗiya daga makarantar Abuƙirat, shahararren likitan Girkawa, wadda aka rubuta wajen shekara 400 kafin Annabi Isa. Marubucinta ya tsaya kai da fata cewa ƙwaƙwalwa ce ke tunani, ya ce sunan phrenes katari ne da al'ada kawai suka ba wannan tsoka, ba ta san komai ba, ba ta fahimtar komai. Abin da ke faruwa shi ne tana zabura idan farin ciki ko baƙin ciki ya afko wa mutum ba shiri. Ina girmama wannan marubuci ƙwarai, domin ya bambance wurin da ake jin abu da wurin da abin ya taso, kuma rabin aikin gano cuta ke nan har gobe. Aristotal, wanda ya zo bayansa, ya ba zuciya shugabanci, ya ce phrenes ba ya tunani da kansa, kusancinsa da mai tunanin ne ya sa abin da ya taɓa shi yake taɓa hankali.

Kada mu ga wautarsu. Mu ma idan mugun labari ya zo cewa muke "gabana ya faɗi", ko "hantar cikina ta kaɗa". Wanda damuwa ta yi wa yawa ya ja dogon numfashi ya sauke, mu ce ya yi ajiyar zuciya, alhali tsokar nan ce ta ja ta saki. Kuka mai shessheƙa, dariya har ciki ya ƙulle, ɗaukewar numfashi idan an firgita, duk a nan ake jin su. Mutumin da bai taɓa ganin aikin ƙwaƙwalwa ba, yana da hujja idan ya nuna ƙasan ƙirjinsa ya ce a nan abin yake.

To da diaphragma ya ci sunan tsokar, tsohon sunan bai mutu ba, ya maƙale a jikin jijiyarta da jijiyoyin jininta. Shi ya sa littafinku yake cewa nervus phrenicus, ku kuma ku ce firenik. Duk inda kika ga wannan guntun kalma a darasin sassan jiki, dayafiram ake nufi: sabfirenik na nufin abin da ke ƙarƙashinsa, kostofirenik kuma kusurwar da ya haɗu da haƙarƙari, wadda kuke dubawa a hoton ƙirji ko ruwa ya taru. Ɗaya ma'anar, ta hankali, ta bi wata hanya ta shiga fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. A 1908 likita Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ya ƙirƙiri sunan sikizofireniya daga schizein, tsagawa, da phren, hankali. Abin da yake nufi shi ne rabuwar tunani da ji da fahimta, su daina tafiya tare. Cutar ba ta da wata alaƙa da tsokar numfashi, kuma ba ta nufin mutum biyu a jiki ɗaya kamar yadda ake yawan faɗa. Ki kiyaye wannan, domin iyalan masu wannan lalura suna shan baƙar magana a garuruwanmu, ma'aikaciyar jinya bai kamata ta ƙara musu da kuskuren fassara ba.

Wanda ya yi fice wajen nuna aikin tsokar a zahiri shi ne likita Jalinus, wanda aka haifa a 129 miladiyya a birnin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya yi aikin jinyar mayaƙan da ake haɗawa faɗa a filin kallo, ya ga raunukan ƙirji da na ciki iri-iri, sannan ya yi ta fiɗar birai da aladu da sauran dabbobi. Ya riƙa yanke laka a matakai daban-daban yana kallon abin da zai tsaya. Ya ga idan yankan ya yi ƙasa da inda jijiyar firenik take fita, tsokokin haƙarƙari suna mutuwa amma dabbar tana ci gaba da numfashi da dayafiram. Idan ya yi can sama kusa da kai, numfashi ya tsaya cak. Rumawa kuma suna da nasu sunan na Latin, septum transversum, shingen da ya gicciya, fassarar Girkancin ce kai tsaye. Za ki sake haɗuwa da shi a darasin halittar ɗan tayi.

Daga nan sai ilimin ya shigo hannun da mu muka fi sani. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa sun fassara littattafan Jalinus masu yawa zuwa Larabci. Har akwai ɓangaren babban littafinsa na fiɗa da asalin Girkancinsa ya ɓace, fassarar Larabci ce ta tsirar da shi. Larabawa suka kira tsokar alhijab, cikakken sunan da ake karantarwa yau kuma shi ne alhijabul hajiz. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninta a cikin Alƙanun, littafin da aka mayar Latin a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12 aka yi ta karantar da shi a Turai ƙarnoni. Kalmomin biyu duka kin san su daga makarantar allo. Hijabi a asali labule ne ko shamaki, kamar a Suratul A'araf aya ta 46, inda aka ce akwai hijabi tsakanin 'yan Aljanna da 'yan wuta. Hajiz kuma mai shiga tsakani ne, kamar a Suratun Namli aya ta 61, inda Allah ya ce ya sanya hajiz tsakanin tekuna biyu. Daga tushen nan ne sunan Hijaz ya fito, yankin Makka da Madina, saboda duwatsunsa sun raba tudun Najadu da gaɓar Tihama. Jamusawa ma sunansu na nufin fatar da ta gicciya.

Girkawa da Rumawa da Larabawa da Jamusawa duk abu ɗaya suka faɗa: shamaki. Dalili a fili yake, a jikin gawa ko yankakkiyar dabba aka fi ganinsa, can kuwa ya saki, ba ya motsi, abin da ido zai gani kawai shi ne ya raba ƙirji da ciki. A nan ne nake da ja da kalmar "tantani". Tantani a Hausa siririyar fata ce marar ƙarfin kanta, irin ta bakin kalangu ko ta cikin kunne, sai an buge ta take motsi. Sunan ya dace da faifan da ke bakin abin sauraren ƙirji da kike rataye a wuya, wanda shi ma dayafiram ake ce masa, ya dace da robar da ke cikin famfon mai wadda bakanike ke kira da wannan suna. Amma wanda ke jikin mutum tsoka ce mai aiki, irin ta dantse da cinya, tana gajiya, tana shanyewa, tana yagewa. Majinyacin da aka ce wa tantaninsa ya samu matsala zai ɗauka wata 'yar fata ce, ba zai gane dalilin da numfashinsa ke sama-sama ba. Ni abin da nake faɗa, kuma nake koya wa ɗalibai, shi ne "tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki". Ya fi tsawo, amma tsoho daga Jega ko Bunza zai fahimta tun a karon farko, musamman idan kika sa ya ɗora hannu a saman cikinsa ya ja numfashi.

Ga yadda take aiki. Idan ta tsuke, tudunta yana sauka ya baje, ƙirji ya ƙara faɗi daga sama zuwa ƙasa, matsin iskar da ke cikin huhu ya yi ƙasa da na waje, sai iska ta shigo da kanta ta hanci. Kayan ciki kuma an danna su, shi ya sa ciki ke tasowa. Idan ta saki, huhu ya koma yadda yake ya fitar da iskar ba tare da wani ƙoƙari ba. A zaune lafiya saukarta ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, iskar da ke shiga kuma kusan rabin lita ce. A dogon numfashi tana iya sauka kusan santimita 10. Ita ke ɗaukar wajen kashi uku cikin huɗu na aikin shaƙar iska idan mutum yana hutawa. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wato kusan sau 20,000 a kwana guda, tun daga kukan farko har ranar da ajali ya zo. Kuma tana da iyayengiji biyu. Mutum yana iya juya ta da gangan: alaramma da ke jan doguwar aya da numfashi ɗaya, mai busa kakaki a ƙofar fadar Sarkin Gwandu, masunci mai nutso a Matan Fada, duk horar da ita suka yi. Amma idan ya yi barci, gindin ƙwaƙwalwa ne ke ci gaba da aika mata umarni. Wannan cibiya ce kodin da danginsa suke dannewa idan aka sha fiye da kima, shi ya sa ake samun matashi ya kwanta da maye bai tashi ba. Ba a numfashi kaɗai take hidima ba. Nishin haihuwa, tari, amai, yunƙurin bayan gida da ɗaga buhun shinkafa duk da ita ake yi, domin ita ce murfin da ke riƙe matsin ciki ta sama.

Abin da ya fi muhimmanci ga aikinki a ɗakin majinyata yana tattare da jijiyar firenik ɗin nan da kika tambaya. Tsokar tana ƙasan ƙirji, amma jijiyarta daga wuya take fitowa, daga mataki na 3 da na 4 da na 5 na lakar wuya, ta gangaro ta gefen zuciya tafiyar kusan santimita 30. Dalilin yana cikin halitta. A makonnin farko na ciki, septum transversum yana tsirowa ne daura da wuyan ɗan tayi, a nan ya karɓi jijiyarsa. Da jiki ya miƙe, sai ya sauka zuwa mazauninsa kafin ƙarshen wata na biyu, yana jan jijiyar a bayansa.

Wannan ya haifar da abu biyu da ke iya raba rai da mutuwa. Na farko, fatar kan kafaɗa ma daga waɗannan matakai na wuya take samun jijiyoyinta. Idan jini ko mugunya ko iska ya taɓa ƙasan dayafiram, ƙwaƙwalwa tana iya ɗauka daga kafaɗa saƙon ya zo. Ɗan kabu-kabu ya faɗi, kan babur ya doke shi a haƙarƙarin hagu, ya tashi ya kakkaɓe jiki, bayan sa'o'i ya zo yana kukan kafaɗar hagu, yana gumi, bugun jininsa na sauri, idonsa ya yi fari. Kada ki shafa masa man zafi ki sallame shi. Mai yiwuwa saifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Haka matar da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, ta zo da ciwon mara da jiri da ciwon kan kafaɗa: a ɗauka ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe har sai an tabbatar ba haka ba ne. Irin waɗannan ba sa kwana a ƙaramin asibiti, a sa musu ruwa a tura su inda ake tiyata da ƙarin jini nan take. Ciwon matsarmama da ƙurjin hanta kuma a kafaɗar dama suke kai ƙara.

Na biyu shi ne raunin wuya. Wanda lakarsa ta yanke ƙasa da mataki na 5 zai iya rasa ƙafafu da yawancin aikin hannu amma ya ci gaba da numfashi, daidai da abin da Jalinus ya gani. Wanda ta yanke sama da mataki na 3 ba zai iya numfashi da kansa ba. Tsakanin waɗannan biyun ɗan taƙi ne, kuma sau da yawa a wajen ɗauko mutum daga cikin mota ake ƙarasa ɓarnar. Jama'armu suna da tausayi, da an yi haɗari a hanyar Koko ko ta Argungu kowa zai sheƙo ya kama hannu ya kama ƙafa, kai na lilo. Duk inda kika samu dama, a asibiti ko a unguwa ko a taron biki, ki faɗa wa mutane: mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a kwantar da shi a kan abu mai tauri, kada a lanƙwasa wuya, kada a ɗora shi zaune a kan babur.

Shingen kuma ba a toshe yake ruf ba, yana da manyan kafofi uku. Babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga ƙasan jiki tana ratsa farin tsakiyar daura da gaɓa ta 8 ta ƙashin bayan ƙirji, bututun abinci yana ratsa naman daura da ta 10, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya kuma tana bi ta bayansa daura da ta 12. Dubi hikimar tsarin. Ta farko a cikin farin take, don haka tsukewar tsoka ba ta matse ta, sai ma ta ƙara buɗe ta jini ya samu hanyar komawa. Bututun abinci kuwa nama ne ya zagaye shi, duk shaƙar numfashi sai ya ɗan shaƙe shi, abin da ke cikin tumbi ya kasa hawowa. Idan wannan kafa ta saki, saman tumbi ya leƙa cikin ƙirji, sai mutum ya yi ta fama da ƙwarnafi da zafin ƙirji, musamman idan ya ci tuwo ya kwanta nan take. Da yawa daga masu cewa suna da olsa wannan ce damuwarsu. Mai juna biyu ma tana shan irin wannan, kuma a watannin ƙarshe mahaifa tana tura dayafiram sama kusan santimita 4.

Akwai jariran da ake haifa shingen bai gama rufewa ba, kusan ɗaya cikin haihuwa 2,500 zuwa 4,000, kuma mafi yawa ta hagu ne. Hanji ya haura ƙirji tun a ciki ya hana huhu girma. Jaririn zai fito yana fama da numfashi, cikinsa a lotse, bugun zuciya ana jin sa ta dama. Idan kika ga haka ki kira likita da gaggawa, domin hura masa iska da jaka ta fuska tana cika hanjin da ke ƙirji ta ƙara danne huhun. Bututu ake sa masa a maƙogwaro da wani a tumbi.

Ki kuma riƙe cewa tudun tsokar yana hawa sama fiye da yadda mutane ke zato. Idan an fitar da numfashi yana kaiwa kusan daidai kan nono a jikin namiji. Saboda haka sukar wuƙa ko harsashi ko ƙahon sa da ya shiga ƙasa da wannan layi, ko da a ƙirji ake ganin raunin, yana iya huda dayafiram ya taɓa hanta ko saifa ko tumbi. A yankinmu da irin waɗannan raunuka suka yawaita, wannan ilimi ne na kullum. Haka nan hoton ƙirji da aka ɗauka majinyaci na tsaye: idan aka ga siririn baƙin layi na iska tsakanin hanta da tudun dama, wani abu ya huje a ciki. Yaron da ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓin taifot sannan cikinsa ya ɗaure ya yi tauri, wannan hoton ne sau da yawa ke tabbatar da cewa hanji ya ɓule.

Shaƙuwa ma aikinta ce. Tsokar ce ke fizga ba shiri, iska ta taho da gudu, ƙofar maƙogwaro ta rufe nan take, sautin ya fito. Ɗan tayi yana yin ta tun a ciki, uwa tana ji. Yawanci ci da sauri ko lemon kwalba ko yaji ne ke tayar da ita, kurɓar ruwa ko riƙe numfashi kaɗan ya isa. Wadda ta wuce kwana biyu kuwa a bincika, domin ciwon ƙoda da ya yi nisa, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙurji a ƙarƙashin dayafiram duk suna iya zuwa da ita.

A wajen yara ƙanana za ki fi ganin aikin tsokar nan da ido. Haƙarƙarinsu bai yi ƙwari ba, tsokokin tsakaninsa ba su ƙosa ba, kusan da dayafiram kaɗai suke numfashi, shi ya sa cikin jariri ke hawa da sauka. Idan ciwon huhu ya kama yaro, huhun ya yi tauri, tsokar tana ja da ƙarfi har ƙasan ƙirji ya riƙa lotsawa ciki a duk shaƙa, a daidai layin da ta kama haƙarƙari. Ki ɗaga rigar yaron lokacin da yake kwance shiru a jikin uwarsa, ki kalli wurin, ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Tsokar yaro tana saurin gajiya fiye da ta babba. Wanda ya daɗe yana haki sannan numfashinsa ya fara raguwa alhali jikinsa ya saki, ya kasa kama nono, ba sauƙi ya samu ba. A sa masa iskar oksijin a kira likita a lokacin, kuma a koya wa uwar yadda za ta gane lotsawar nan da kanta kafin ta koma gida, musamman da hunturu ya kama.